Kogin Challawa: Daga Tudun Yammacin Kano Zuwa Tafkin Chadi

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta nufi Gwarzo a cikin watan Maris, zai riƙa wuce gadoji da kwalbatoci waɗanda babu komai a ƙarƙashinsu sai farin yashi da sawun shanu. Idan kuwa a watan Agusta ya bi ta, zai tarar da jan ruwa yana gudu da ƙarfi a waɗannan wurare, ɗauke da karmami da rassan itatuwa. Mafi yawan waɗannan rafuka da ƙoramu na ƙasar Kabo da Gwarzo uwarsu ɗaya ce, wato Kogin Challawa. Ruwan saman da ya sauka a gonakin Durun, ko Godiya, ko Gammo, ko Garo, idan ƙasa ba ta shanye shi ba, rana kuma ba ta ɗauke shi ba, to can zai gangara.

Wannan kogi ba ya cikin manyan kogunan Nijeriya irin su Kwara da Binuwai, jiragen ruwa ma ba sa bin sa. Duk da haka, da wuya a sami kogin da rayuwar mutane masu yawa ta rataya a kansa a Arewa kamar shi. Daga gare shi ne birnin Kano ya fara shan ruwan famfo, shi ne kuma yake haɗuwa da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja, wanda manoma da masunta da makiyaya na Jigawa da Yobe da Borno suke dogara da shi. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san inda kogin ya faro, da irin ƙasar da yake ratsawa, da yadda hannun ɗan Adam ya sauya masa hali a cikin shekaru hamsin ɗin da suka wuce.

Mafarin kogin da hanyarsa

Masana labarin ƙasa suna kiran dukkan filin da ruwansa yake gangarawa zuwa kogi ɗaya da sunan kwarin wannan kogi. Tsakanin kwari da kwari kuma akwai tudun da yake raba ruwa, kamar dai yadda tsakiyar rufin kwano take raba ruwan sama, wani ya zuba gaban ɗaki wani ya zuba baya. Irin wannan tudu ne ya shimfiɗu a kudancin Jihar Katsina da kan iyakarta da Kano da Kaduna. Daga wajen Funtuwa Kogin Sakkwato yake tasowa ya nufi arewa maso yamma, ya haɗu da Rima, ya faɗa Kwara, daga nan sai tekun Atlantika. Ruwan da ya gangara kudu yakan bi ta Kogin Kaduna, shi ma ya ƙare a Kwara. Wanda ya gangara gabas kuwa shi ne yake haifar da Challawa, kuma ba ya taɓa ganin teku. Ke nan gajimare ɗaya zai iya zubar da ruwa a gonaki biyu da suke maƙwabtaka, ruwan ɗaya ya ƙare a teku, na ɗayar kuma ya nufi bakin Sahara.

Daga wannan tudu kogin yake shigowa Jihar Kano ta ƙasar Ƙaraye, inda yake ratsa wani matsatsin kwari tsakanin duwatsu. Daga nan ya miƙe gabas, ya bar ƙasar Kabo a arewa da shi, ƙasar Kiru kuma a kudu. A kan hanya rafuka suna shigo masa, daga cikinsu akwai Magaga da Guzuguzu, sai kuma Watari wanda yake gangarowa daga wajen Bagwai. Bayan ya wuce ƙasar Madobi da Panshekara, sai ya haɗu da Kogin Kano a kusa da Tamburawa, kudu da birni. Haɗakar tasu ce take wucewa ta ƙarƙashin gadar Wudil, ta ratsa Jihar Jigawa da sunan Kogin Haɗeja, ta bazu a fadamun Haɗeja da Nguru. A wajen Gashuwa ragowar ruwan yake haɗuwa da na Kogin Jama'are, ya zama Komadugu Yobe, wanda a ƙarshen tafiyarsa yake zama iyaka tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar kafin ya kai Tafkin Chadi.

Tudun yammacin Kano ya ɗara mita 500 a bisa doron teku, shi kuwa Tafkin Chadi kimanin mita 280 ne. Wannan ɗan bambanci ne kawai yake tura ruwan tsawon ɗaruruwan kilomitoci, kuma mafi yawan gangaren yana can sama ne, a ɓangaren Kano. Shi ya sa kogin yake da zafin gudu a Ƙaraye da Kabo, amma ya zama mai nawa idan ya isa Haɗeja.

Abin da yake ƙarƙashin ƙasa

Halin kowane kogi yana bin halin dutsen da yake kwance a kansa. Ƙasar Gwarzo da Kabo da Ƙaraye tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri wanda shekarunsa suka haura miliyan 500, irin wanda akan gani ya fito fili a matsayin fā ko dutsen da ake fasawa don gini. Wannan dutse ba ya shan ruwa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a irin wannan wuri yana taruwa ne kawai a cikin ruɓaɓɓen dutsen da yake sama-sama, da kuma cikin tsagogin da suke jikin mai taurin. Wannan ne dalilin da ya sa a gari ɗaya za a haƙa rijiyar burtsatse ta ba da ruwa sosai, a haƙa wata a 'yar tazara kaɗan ta fito a bushe: ta farko ta dace da tsaga, ta biyu ba ta dace ba. Haka kuma shi ne dalilin da ya sa ruwan sama ba ya daɗewa a tudu, nan da nan yake kwarara zuwa rafi.

Gabas da Wudil labarin ya sha bamban. A can tsohon dutsen ya nutse ƙasa, yashi da laka masu kauri sun rufe shi, waɗanda suka taru tun zamanin da ruwa yake mamaye da kwarin Chadi. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce tafkin ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000 ko kusa da haka. A shekarar 1987 wani makiyayi da yake haƙa rijiya a Dufuna ta Jihar Yobe ya ci karo da wani kwalekwale wanda bincike ya nuna ya kai shekaru 8,000, abin da ya tabbatar da cewa yankin ya taɓa zama na ruwa da masunta. Akwai kuma tsofaffin jigayin yashi da iska ta tara a zamunan fari, waɗanda su ne suke tilasta wa kogin ya rarrabu gida-gida. Saboda haka a yamma kogin karɓar ruwa yake yi daga rafuka, a gabas kuwa bayarwa yake yi: ƙasa ta sha, rana ta ɗauka. Wannan ruwan da ƙasa take sha shi ne yake cika rijiyoyin mutanen Jigawa da Yobe.

Wani abin lura shi ne yashin da yake cikin kogin kansa. Tsakanin ƙwayoyin yashi akwai ƙananan guraba, waɗanda sukan kai kashi ɗaya cikin uku na girman tarin yashin. Idan kogi ya yi gudu da damina, waɗannan guraba sukan cika da ruwa, dutsen da yake ƙasa ya tare shi kada ya zurare, yashin da yake sama kuma ya kare shi daga rana. Rafin da ido yake gani a bushe da rani, randa ce a binne. Mutanen karkara sun san wannan tun kaka da kakanni, don haka suke tona rami a tsakiyar rafi su ɗebi ruwa mai sanyi wanda yashi ya tace.

Lissafin damina da rani

A yammacin Kano damina takan kama daga Mayu ko Yuni zuwa ƙarshen Satumba, Agusta kuma shi ne marka. Ruwan da yake sauka a shekara yakan kai tsakanin milimita 800 zuwa 1,000, gwargwadon kyawun damina. Domin a gane ma'anar wannan adadi, milimita ɗaya ta ruwan sama a kan kadada ɗaya daidai take da lita 10,000. Idan aka sami milimita 900, kadada ɗaya ta karɓi lita miliyan 9 ke nan, wato durom 45,000 mai cin lita 200.

To ina duk wannan ruwa yake tafiya? Kaso mafi tsoka yana komawa sama ne, ko dai kai tsaye daga ƙasa ko ta ganyen shuke-shuke. Zafin rana da busasshiyar iskar hunturu a wannan yanki suna iya ɗauke ruwan da zurfinsa ya kai kimanin mita biyu daga buɗaɗɗen tafki a shekara guda, wato ninki biyu na abin da sama take zubarwa. Kaɗan ne yake nutsewa ƙasa, kaɗan kuma ya kai ga kogi, shi ma ɗin a cikin 'yan watanni. Kafin a gina madatsun ruwa, Challawa kogin damina ne zalla. Yakan cika ya tumbatsa bayan mamakon ruwa, ya ja baya cikin 'yan kwanaki, sannan daga kaka ya koma yashi har wata daminar.

A kan wannan tsari mutane suka gina rayuwarsu. Ambaliya takan bar laka mai albarka a fadama, a shuka rake da dankali da albasa da tattasai, ana ban ruwa da jigo daga ƙananan rijiyoyi. Makiyaya sukan gangaro da rani saboda ɗanyar ciyawa da ruwan yashi. Masunta sukan kama tarwaɗa da karfasa a guraben da ruwa ya maƙale. A gefen rafuka kuma akan sami giginya da ɗinya da kanya, a tudu ga ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo.

Kogin a cikin tarihin Kano

Ba banza ba tsofaffin garuruwa masu ganuwa suka yawaita a wannan kwari. Ƙaraye da Godiya da Getso duk garuruwa ne masu daɗaɗɗen tarihi, waɗanda suka tsaya a kan hanyoyin da suka haɗa Kano da Katsina da Zazzau. Ƙasa mai kyawun noma da ruwan da ake samu a yashi ko da rani sun sa manoma da makiyaya suka zauna tare a nan tun da daɗewa.

A wannan yanki ne kuma aka fara gwabza yaƙin jihadi a ƙasar Kano. Bayan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, malaman Kano da suka bi shi sun taru a Kwazazzabon 'Yar Kwando, yamma da birni. Daga can ne aka yi karon farko-farko a garuruwa irin su Gammo da Kabo da Godiya, kafin a kai ga Ƙaraye. Yaƙin ya ci gaba har aka karya rundunar Sarkin Kano Alwali a Ɗan Yaya wajen 1807. Sunan wurin da suka taru ma abin lura ne ga mai nazarin ƙasa, domin ya nuna cewa kwazazzabai sun daɗe a yammacin Kano, ba yau ruwa ya fara cin ƙasar ba.

Ga matafiya kuwa, kogin shinge ne da damina, hanya ce da rani. Fatake masu jakuna da takarkarai da suke zirga-zirga tsakanin Kano da Zariya dole su ƙetare shi, idan ya kawo kuma sai a jira ya sauka ko a nemi 'yan fito. Da rani ne sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka taso daga Zariya, suka ci Bebeji, suka ƙetare Challawa, suka shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Bayan shekaru takwas, a 1911, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, ita ma sai da ta ƙetare wannan kogi. Ta kansa ne gyaɗa da fatu da ƙiraga suka riƙa wucewa zuwa Ikko.

A farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka kafa ma'aikatar ruwa ta farko a bakin kogin a Panshekara, da kuɗin baitulmalin En'e. Injiniyoyin wancan lokaci sun yi amfani da hikimar da mutanen karkara suka riga suka sani, wato suka nemi ruwan daga cikin yashin kogin, suka tura shi birni ta bututu. Daga baya an faɗaɗa ma'aikatar Challawa, aka kuma gina wasu a Tamburawa.

Zamanin madatsun ruwa

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko, Audu Bako, ya ɗauki tara ruwa a matsayin babban aikin gwamnatinsa. Farin da aka yi a 1972 zuwa 1973, wanda ya kashe dabbobi ya kuma kawo yunwa a faɗin Sahel, ya ƙara wa wannan manufa ƙarfi. An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, domin noman rani a Kadawa da Kura da kuma ruwan sha. A cikin shekarun da suka biyo baya hukumar WRECA ta jihar ta gina ƙananan madatsu da dama, ciki har da na Magaga da Guzuguzu da Watari a kan rassan Challawa. A 1976 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Uwar kogin ba a datse ta ba sai tsakanin 1990 da 1992, lokacin da kamfanin Julius Berger ya gina madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. Tsayin bangon ya kai mita 42, tsawonsa kuma ya kusa kilomita 8. Tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 900, kowace kubik mita ɗaya kuwa lita 1,000 ce. Faɗin ƙasar da take zubo mata ruwa ya kai murabba'in kilomita 3,857. Idan aka lissafa da damina mai milimita 900, ruwan da yake sauka a wannan fili zai kai kubik mita biliyan uku da rabi, ke nan cikin madatsar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne na ruwan saman shekara guda. Amma da yake ɗan kaɗan ne daga ruwan sama yake isa kogi, wannan ciki ya isa ya riƙe kogin gaba ɗaya.

Amfanin aikin a bayyane yake. Kogin da yake ƙafewa rabin shekara ya koma mai gudu rani da damina a ƙasan madatsar. Ma'aikatun ruwa na birni sun sami abin ja duk shekara. Kamun kifi ya zama sana'a a Ƙaraye, manoman bakin kogi kuma sun ajiye jigo sun kama injin ban ruwa, musamman bayan da hukumar KNARDA da shirin Fadama na ƙasa, wanda aka fara a farkon shekarun 1990 da tallafin Bankin Duniya, suka yaɗa ƙananan injuna da rijiyoyin bututu. Tumatir da albasa da attaruhu na rani sun zama hanyar samun kuɗi ga dubban magidanta.

Sai dai kowane amfani da farashinsa. Garuruwa da gonaki da maƙabartu sun nutse a ƙarƙashin tafkin, aka tashi mutanensu. Sannan tafkin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 100, idan rana ta ɗauke masa mita biyu a shekara, asarar za ta kai kubik mita miliyan 200, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da yake iya riƙewa. Akwai kuma haɗarin ambaliya. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle ta yi ɓarna mai yawa, a 2001 kuma ruwan da ya fito daga Tiga da Challawa bayan sun cika ya mamaye garuruwa a Kano da Jigawa.

Abin da mutanen gangare suka gani

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Tiga da Challawa a haɗe suna riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da yake shiga Kogin Haɗeja, saboda haka duk abin da aka yanke a bakin ƙofofinsu sai an ji shi a Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Rayuwar fadamun can ta ginu ne a kan abu biyu: ambaliya da damina, da bushewa da rani. Ambaliya ce take ba da shinkafa da kifi, ta cika rijiyoyi. Idan ruwa ya ja, a shuka wake da sauran amfanin gona a danshi, shanu kuma su sami makiyaya. Madatsun sun rage ambaliyar, sun kuma kawar da bushewar.

Wanda ya ci ribar wannan sauyi shi ne kacala, doguwar ciyawar ruwa wadda ba ta jure wa ƙasa ta bushe. Da ruwa ya zama na dindindin sai ta yaɗu, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Sakamakon haka ruwa ya karkata ya yi yawa a mashigin Marma da tafkin Nguru har yana cin gonaki da gidaje, wasu rassan kuma suka ƙafe, masu su suka rasa na shuka. Kacalar ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da dawa da shinkafa.

Masana sun daɗe suna jan hankali a kan wannan. Farfesa E. A. Olofin na Jami'ar Bayero ya yi nazarin Kogin Kano a ƙasan Tiga, ya nuna yadda hanyar ruwan ta tsuke, da yadda zaizayar ƙasa ta ƙaru a gefen kwarin. A farkon shekarun 1990 kuma Edward Barbier da abokan aikinsa suka kwatanta amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru da wanda ake samu a aikin noman rani na Kogin Kano, suka gano cewa na fadamun ya fi yawa nesa ba kusa ba, idan aka haɗa noma da kifi da itacen girki. A shekarar 2000 an saka tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, saboda tsuntsayen da suke zuwa daga Turai su yi hunturu a can. A 2006 jihohi shida da suke cikin kwarin, wato Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauci da Filato, suka amince a Damaturu su kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da shi.

Game da Tafkin Chadi, wanda ya ragu daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a tsakiyar shekarun 1980, ba daidai ba ne a ɗora wa madatsun Kano laifin duka. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan kogi da yake shiga tafkin daga Shari da Lagon yake fitowa, ta Chadi da Kamaru, kuma farin shekarun 1970 da 1980 shi ne babban sanadi. Amma ga mutanen bakin Komadugu Yobe, a Nijeriya da yankin Diffa na Nijar, ɗan ruwan da yake zuwa daga yamma shi ne nasu.

Cututtukan kogin

Matsala ta farko ita ce dagwalon masana'antu. Rukunin masana'antu na Challawa da na Sharaɗa suna cikin kwarin kogin, kuma akwai majemu na zamani da masaƙu a cikinsu. Jimar zamani tana amfani da gishirin wani ƙarfe mai suna kuromiyam, wanda idan ya shiga ruwa ba ya ruɓewa, sai dai ya kwanta a laka ko ya shiga jikin kifi da kayan lambu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce miligiram 0.05 a kowace lita ta ruwan sha. Nazarce-nazarce da dama na jami'o'in ƙasar nan sun sami adadin da ya zarce haka a magudanan da suke fitowa daga waɗannan wurare. Dokar hana zubar da dagwalo ba tare da tacewa ba tana nan, an kuma kafa hukumar NESREA a 2007 domin tabbatar da bin irin waɗannan dokoki.

Ta biyu ita ce ɗibar yashi. Gine-ginen birni suna cin yashi, tifofi kuma daga kogi suke ɗebo shi. Idan aka kwashe yashin an fasa randar da aka ambata a baya: ruwan rijiyoyin fadama ya yi ƙasa, gaɓar kogi ta zube ta ci gona, gindin gada ya tonu. Ramukan da aka bari kuma sukan zama tarko ga yara da damina.

Ta uku ita ce zaizayar ƙasa a tudu. Gonar da aka sare itatuwanta, aka kwashe karanta, aka bar ta tsirara, ruwan farko na damina yakan wanke ta zuwa rafi. Manomi ya yi asarar ƙasa mai taki, madatsa kuma ta cika da laka, cikinta ya ragu shekara bayan shekara. Ta huɗu ita ce cuta. Ruwan da yake kwance yana raya sauro da kuma ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda take shiga ta fatar mai wanka ko mai ban ruwa ta sa fitsarin jini. Tana da magani a asibiti, bai kamata a ɗauke ta a matsayin alamar balaga ga yara maza ba.

Kammalawa

Gyaran kogi daga tudu yake farawa. Manomin Durun ko Getso da ya yi kunya a gicciye da gangare, ya bar gawo da ɗorawa a gonarsa, ya dasa gamba ko jema a bakin kwazazzabo, ya jera duwatsu a hanyar ruwa, ya tsare ƙasarsa, ya ƙara wa rijiyarsa ruwa, ya kuma tsawaita ran madatsar da take ƙasa da shi. Ƙananan hukumomi da masu unguwanni suna iya keɓe wuraren ɗibar yashi nesa da gadoji da fadamu. Masana'antu kuwa wajibi ne su tace dagwalonsu kafin ya bar harabarsu, domin tace shi a can ya fi sauƙi da araha a kan neman raba shi da ruwan kogi.

A ɓangaren hukuma, masana sun daɗe da ba da shawarar a riƙa sakin ruwan Tiga da Challawa ta yadda zai kwaikwayi tsarin da: a saki mai yawa da damina domin fadamun gangare su sami ambaliya, a rage da rani domin hanyoyin ruwa su bushe kacala ta mutu. Yin haka yana buƙatar ma'aunan ruwan sama da na gudun kogi masu aiki kullum, da ma'aikatan da za su riƙa rubuta abin da suka nuna, da kuma zama tare tsakanin mai noman tumatir a Kano da mai shinkafa a Haɗeja da mai shanu a Yobe kafin a buɗe ƙofa ko a rufe ta. Makarantun sakandare na Kabo da Gwarzo da Ƙaraye ma suna da abin da za su iya yi, domin ma'aunin ruwan sama ba shi da tsada, kuma littafin da ɗalibai suka cika da alƙaluma na shekaru goma dukiya ce ga duk injiniyan da zai yi aiki a kan wannan kogi nan gaba.